Ita AS, shi ma AS: waɗanda suka taɓa riƙe takardar nan su ba mu labari

Yayan Amarya, Bagalam

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema, daga bakin waɗanda abin ya taɓa jikinsu. Ƙanwata ce aka sa wa rana bayan babbar Sallah da ɗan kawunmu na Tibiri. Taubasai ne, tun suna yara ake tsokanarsu da mata da miji, har wasa ya zama gaske. An kai goro, an yanka sadaki, Inna ta fara tara kwanoni. Ni na matsa a je awon jini, don bara wani abokin aikina ya binne yaronsa saboda emasi, ciwon jinin nan na gado da ake kira sikila. Ranar Talata takardu suka fito: ita AS, shi AS, wato kowannensu na ɗauke da ƙwayar gadon ciwon guda ɗaya. Tun ranar ba ta ci abincin kirki ba. Kawu kuwa cewa ya yi shi da matarsa ba su taɓa wani awo ba, ga ɗiya tara duk lafiya lau, kada a kawo mishi tsirfa. Baba ya rasu, maganar ta dawo kaina. Wanda ya taɓa tsayawa inda muke tsaye, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani.

Maman Uku, unguwar Zariya

Wa alaikumus salam ƙanena. Mu mun sani kafin aure, kuma muka yi. An ce mana tunda mu duka AS ne, damar haihuwar mai ciwon ɗaya cikin huɗu ce, muka ce Allah zai tsare.

Ɗan farinmu ya zo ƙato, har wata shida ko mura bai yi ba. Yana wata bakwai, cikin ɗari, na tashi tsakar dare da kukan da ban taɓa jin irinsa ba. Na haska fitilar salula sai na ga bayan hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura sumul, ƴan yatsun sun yi tsaye, ko zane ya goge su sai ya ƙara sandarewa. Uwar mijina ta ce ko kunama ce, muka kakkaɓe shimfiɗa babu komai. Da safe a asibiti aka ce alamar farko ke nan. Likita ya yi mini bayani cewa jariri yana zuwa da wani irin jini na cikin ciki wanda ba ya lanƙwashewa, shi ke kare shi, sai ya fara janyewa sannan ciwon ya bayyana.

Ga kuskuren da nake so ka ji da kyau. Da aka ce na farko SS ne, wato mai ciwon, ni da maigida muka ce to, ɗayan nan ya fita, ukun da za su biyo lafiyayyu ne. Ta biyu ta zo AA, wato ba ta ɗauke da ciwon ko kaɗan, muka ƙara sakankancewa. Na uku ya zo SS. Babu wanda ya zaunar da mu ya ce kowane ciki da nashi rabo, jini ba ya tuna abin da ya bayar a baya.

Yanzu babban yana da shekara goma sha ɗaya. Na iya shafa cikinsa in ji ko saifa ta kumbura, na iya duba farin idonsa da tafin hannunsa in san jini ya yi ƙasa. Zazzaɓi in ya taɓa su ba na jiran gari ya waye. Ina son ɗiyana fiye da raina, amma ranar da su biyun suka kwanta gado da gado, ɗaya ana ƙarin ruwa ɗaya ana neman mai ba da jini, maigida ya fita waje ya jingina da bango yana kuka. Ka nuna wa ƙanwarka wannan saƙo, ta karanta da kanta.

Malamin Kimiyya

Ni ma AS ne, ina jami'a a Yamai na sani. Abin da Hajiya Maman Uku ta faɗa shi nake nuna wa ɗalibaina kowace shekara da wake. Ƙwarya biyu, ta uwa da ta uba, kowace da wake fari ɗaya da ja ɗaya, farin shi ne A mai kyau, jan shi ne S mai ciwon. Yaro ya rufe ido ya ɗauko ɗaya nan, ɗaya can, mu rubuta, sannan a mayar da waken kafin a sake. Mayarwar nan ita ce maganar duka. Wani layin sai ya ja sau takwas bai haɗa ja biyu ba, wani kuwa sau uku a jere.

Dalili shi ne kusan kowace ƙwayar jikinmu tana da kuromozom 46, wato zaruruwan da ke ɗauke da gadon halitta, biyu-biyu har 23, ɗaya na uwa ɗaya na uba. A kan na 11 akwai ƙwayar gado mai suna HBB, ita ke ba da umarnin ƙera wani sashe na emogulobin, jan abin nan da ke dakon iskar numfashi cikin jini. Rubutun ADN, wato sinadarin da aka rubuta gadon halitta da shi, haruffa huɗu ne, A, T, G, C, ana karanta su uku-uku. A gurbi na shida, inda ƙwayar gado mai kyau ke da GAG, mai ciwon, wato S, tana da GTG. Harafi ɗaya tak. Saboda shi, in iska ta yi ƙaranci sai emogulobin ya manne da juna ya yi sanda-sanda, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Shi ne ciwon ƙashin. Kuma maimakon ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, shi ne ƙarancin jinin. Mai AS yana da kwafi ɗaya mai kyau da ke riƙe shi. In AS biyu suka haɗu, kowane ciki: kashi ɗaya cikin huɗu AA, biyu AS, ɗaya SS. In suka haifi huɗu, damar a ce babu SS ko ɗaya 81 ce cikin 256, wato ba ta ma cika ɗaya cikin uku ba.

Maganar Kawu kuma tana da amsa, amma ka kai mishi ita da ladabi. Tunda ɗansa AS ne, to shi ko matarsa wani na ɗauke da S. In ɗayan AA ne, ko ɗiya ashirin suka haifa SS ba zai fito ba. Gidansa daban, gidan da ake shirin kafawa daban. Mai yiwuwa ma S ɗin yaran nan biyu daga kaka ɗaya ta gangaro, ta Inna da ta Kawu. Auren zumunci ba shi ke ƙirƙirar ciwon ba, hanya yake gajarta wa ƙwayoyin su gamu.

Kada kuma kowa ya ji kunyar AS. Tun 1954 wani likita, Anthony Allison, ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS ya fi tsira daga masassarar cizon sauro mai tsanani. Wanda ya san yadda damina ke kwasar yara a ƙasar nan zai gane abin da ya sa S ta yawaita a jininmu.

Ɗan Kabu-kabu, Sabon Gari

Ni abin da ya same ni rashin sani ne. Katin da ke aljihuna an rubuta O+, matata ma O+, na ɗauka awon ke nan, har na ce wa surukina jininmu ya dace. Sai da ɗiyarmu ta biyu ta fara ciwo na san rukunin jini daban, awon emasi daban. Jama'a ku duba takardunku, in ba ku ga AA, AS, AC ko makamancinsu ba, ba a yi ba.

Ma'aikaciyar Labo

Gaskiya ne Ɗan Kabu-kabu, kullum sai na yi wannan bayani a bakin taga. Zan ƙara wani tarko. Awon da aka fi sani nan, tes ɗin Emel, ɗigon jini ne ake hana wa iska a duba ko ƙwayoyin za su lanƙwashe. Abin da yake faɗa kawai akwai S ko babu. Ba ya rarrabe AS da SS, kuma ba ya ganin C sam. C wani canji ne a gurbin nan na shida da Malamin Kimiyya ya ambata, ya fi yawa wajen Burkina Faso da arewacin Gana, amma muna samunsa nan ma.

Shekarun baya wasu ma'aurata suka zo mini da yarinya ƴar shekara tara mai ciwon ƙugu. Mijin ya fiddo tsohuwar takarda a ninke cikin leda, Emel ɗinsa ba komai, don haka a ganinsa ba ta wajensa ba ne, har ya fara yi wa matar wani kallo. Da muka yi musu elektiroforez su uku, awon da ke rarrabe A da S da C, shi AC, ita AS, yarinya SC, wanda shi ma wani nau'in emasi ne. Ya daɗe zaune kan benci yana juya takardar, daga baya ya ce wa matar ta yafe mishi.

Don haka Yayan Amarya, ka tabbata elektiroforez aka yi musu. In kuma an yi wa mutum ƙarin jini kwanan nan, ya jira kamar wata uku, don jinin wani zai iya ɓata sakamako.

Mai Ɗinki, Ali Ɗan Sofo

Ni SS ce, shekarata 29. Na karanta duka, na ga ya kamata a ji ta bakin mai ciwon. Abin da ya fi ƙashi yi mini ciwo tun ina ƙarama shi ne jin mata suna cewa "wannan ba mai daɗewa ba ce" a gabana, kamar ba ni da kunne. An cire ni daga lakwal a aji biyar wai kada a yi asarar kuɗi. Ga ni yau da keken ɗinki biyu da ƴan koyo uku. Mijina AA ne, ɗanmu AS, yana can yana ƙwallo.

Ina shan folik asid kullum, likita ya sa ni kan wani magani mai suna idirokziyure, kuma tun lokacin kwanciyata asibiti ta ragu ƙwarai. Gorar ruwa ba ta barin gefena, ko azumi sai da shawarar likita. Cikin ɗari safa biyu nake sawa, ruwan sanyi ban san shi ba. Sau ɗaya na je cibiyar ƙasa ta masu emasi da ke Yamai, tafiyar yini guda a mota, can aka fara duba mini idanu. Na ji labarin maganin da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, Casgevy, wanda ake ciro ƙwayoyin da ɓargo ke haifar da jini da su a gyara, su koma ƙera jinin jarirai ɗin nan da Maman Uku ta ambata. Kuɗin da aka sa mishi a 2023 dalar Amurka miliyan 2.2 ne. Na yi murna da akwai shi, na kuma san ba na Maradi ba ne yanzu.

Ban taɓa cewa da ma ba a haife ni ba. Iyayena ba su sani ba, ba ni da abin riƙe su da shi. Amma in ƙanwarka ta tambaye ni, zan ce mata akwai daren da nake cizon matashi don kada in tada yaro, kuma ba zan iya kallon ɗana yana wannan ba alhali na sani tun farko.

Ɗiyar Hajiya, Madarunfa

Innata ce ta ce in rubuta, ita ba ta iya ba. A gidanta na fari ta binne huɗu, babu wanda ya kai shekara biyar. Aka ce wabi take yi, aka ce iska ce, aka yi turare da rubutu har ta gaji, ƙarshe dangin miji suka sa ya sake ta wai cikinta ne ba ya riƙe ɗiya. Ta auri Babanmu ta haifi mu shida, duk muna raye. Shi ma tsohon mijin ya yi wani aure ya haifi nashi lafiya. Sai da na yi awo zan yi aure aka ce AS, muka kai ta aka auna, ita ma AS, Baba AA. Da aka yi mata bayani ta yi shiru, can ta ce, "Ashe ba ni kaɗai ba ce." Shekara talatin tana ɗauke da laifin. Ba mu da tabbacin abin da ya kashe yaran tunda ba a auna su ba, amma ta ce kumburin hannun da aka faɗa a sama, uku daga cikinsu sun yi shi.

Ɗan Kasuwa, hanyar Jibiya

Ni fasawa na yi, saura wata biyu. Ba zan yi maka ƙarya ba, ya yi zafi. Gwaggona ta shekara biyu ba ta amsa gaisuwata, lefen ma ban karɓa ba. Yarinyar ta yi aure Katsina, ɗiyanta uku, ranar sunan na fari ni na kai rago. A Kano tun 2024 doka ta wajabta awo kafin a ɗaura aure. Ni dai da za a ji tawa, tun yara na lakwal za a auna su, kafin zuciya ta kama wani. Mu sai da aka buga katin gayyata muka sani.

Yayan Amarya, Bagalam

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba takardun, elektiroforez ne, babu kuskure. Daren jiya na ba ƙanwata salula ta karanta tun daga sama. Da ta kai saƙon Mai Ɗinki ta ajiye, ta shiga ɗaki, ban bi ta ba. Da asuba ta ce kada kowa ya yanke mata, tana so ta yi magana da shi su biyu tukuna, na ce ta yi. Na je Tibiri da wake a aljihu kamar yadda Malam ya kwatanta. Kawu bai ce ya yarda ba, amma ya ja har sau shida da hannunsa, ja biyu suka haɗu sau biyu, sannan ya ce ran Litinin in zo in kai shi shi ma a auna shi. Yaya Maman Uku, ƙanwata ta ce in kin amince tana so ta zo gidanki ta wuni.