Injin raba takarda mai ruɓi biyu: ina sabon abin yake?

Ga mai son mallakar ƙirƙirar irin wannan injin a hukumance, shawarar da masana suka fi nanatawa ita ce, raba ruɓi biyu a sake manna su tsohon aiki ne a masana'antar takardar goge hannu. A warware naɗi, a raba, a buga zane a kan ruɓi ɗaya, a shafa gam, a matse tsakanin rola biyu. Wanda ya nemi takardar mallakar ƙirƙira (patent, wadda ke hana wasu kwaikwayon sabon abin da ka ƙirƙira) a kan wannan kaɗai, ya yi asarar kuɗinsa.

Sabon abin yakan ɓuya ne a inda injin ke ba da wahala. Ruɓin da ya bi doguwar hanya yana miƙewa fiye da ɗan'uwansa, sai zanen ya goce, takardar ta yamutse wurin matsewa. In kana da dabarar daidaita jan ruɓin biyu, ita za ka rubuta dalla-dalla a takardar neman mallaka: wurin da rola take, kusurwar rabawa, yadda ake auna jan.

Ka fara bincike a Espacenet, rumbun takardun mallakar ƙirƙira na intanet, a rukunin B32B (kaya masu ruɓi-ruɓi) da B31F (sarrafa takarda da inji). Tsohuwar takardar mallaka ɗaya tak da ta ƙunshi duk sassan da ka lissafa ta isa ta kashe buƙatarka, ko da da Japananci aka rubuta ta. Kuma buƙatun wasu ba sa fitowa fili sai bayan wata 18 da shigar da su.

Kada ka kai injin baje koli kafin ka shigar da takardar neman mallaka. Amurka na ɗaga ƙafa na shekara 1 bayan ka nuna shi a fili, Turai kuwa kusan babu wannan sassauci.