Arduino ɗina na injin ruwa yana daskarewa, na sa wacidog abin ya ƙara lalacewa

Sani_Agege:
Salamu alaikum yan uwa. Na haɗa wani ɗan abu da Arduino Nano, ƙaramin bod ɗin nan da ake sa wa furogiram, a gidan da muke haya nan Agege, shi ke kunna injin bohol in tanki yayi ƙasa ya kashe in ya cika. Matsalar duk bayan kwana biyu uku sai ya tsaya cak, fitila na kunne amma ba ya komai, musamman lokacin da aka kawo wuta muka juya daga janareta. Ranar Talata ya daskare injin na kunne, ruwa ya dinga zuba tun asuba har ya shiga shagon mai ɗinki na ƙasa, wallahi kunya ta hana ni fitowa. Wani yace in sa wacidog (watchdog), na sa wdt_enable, umarnin da ke kunna shi, yanzu kuma in ya daskare sai fitilar ta kama ƙiftawa da sauri ba ya dawowa sai na cire wuta. Menene ainihin aikin abin nan, kuma ina nayi kuskure?

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Ka ɗauke shi kamar maigadi ne da aka ce masa duk bayan ɗan lokaci mai gida zai leƙo ta taga yace ina nan lafiya, in lokacin ya wuce bai leƙo ba to ka kashe komai ka sake tayarwa. A cikin cif ɗin ATmega328P da ke Nano ɗinka, wacidog wani ƙidayau ne mai agogonsa daban, 128 kHz, baya dogara da kiristal ɗin 16 MHz, shi yasa ko furogiram ya maƙale shi yana nan yana ƙirga. Kai zaka zaɓa masa lokaci, daga 16 ms har sakan 8. Duk sanda ka kira wdt_reset() ƙirgen ya koma sifili, in baka kira ba har ya cika sai yayi riset, wato ya sake tayar da cif ɗin daga farko.

Ƙiftawar nan kuma ba laifin kod ɗinka bane. Bayan wacidog yayi riset baya mutuwa, yana nan a kunne kuma ya koma mafi ƙanƙantar lokacin, wato 16 ms, shi kuma tsohon butloda (ɗan furogiram ɗin da ke fara tashi kafin kod ɗinka) da ke zuwa a Nano na kasuwa da yawa yana ɗaukar fiye da haka kafin ya miƙa wa kod ɗinka, to kafin ya gama an sake riset, haka zai ta zagaye. Ka samu wani Arduino ka mayar da shi ISP, wato na'urar rubuta wa cif kai tsaye, ka ƙona wa Nano ɗinka sabon butloda Optiboot irin na Arduino Uno, shikenan.

Hauwa_Yaba:
Abin da Injiniya ya faɗa haka ne. Amma don Allah kar ka sa wdt_reset() a cikin intarof na taima, wato kod ɗin da agogon cif ke kira da kansa lokaci-lokaci, mutane da yawa nayin haka, loop, babban kod ɗinka mai zagayawa, zai iya mutuwa intarof na ci gaba da gaya wa maigadi komai lafiya. Wuri ɗaya zaka sa shi, ƙarshen loop, bayan ka karanta sensa kuma karatun ya zo daidai. Sannan abu na farko a setup, kod ɗin da ke gudana sau ɗaya in bod ya tashi, ya zama kashe rile, makunnin da Arduino ke kunna injin da shi, kar ya tashi daga riset da injin a kunne.

Alhaji_Alaba:
Sani ɗana, ni abin da ya dame ni shine ba wanda ya tambayi me ke daskarar da shi tun farko. Shekara da shekaru ina gyaran inbata, irin wannan kusan kullum daga wuta ne. Injin bohol in ya tashi yana jan wuta sosai, kontakta, babban makunnin da ke ba injin wuta, na tartsatsi, in kuma cajar waya mai arha ce ke ba bod ɗinka 5V to ta gama da kai. Ka sa kafasita 100 nF dab da ƙafar wutar cif ɗin da babba kamar 470 uF a shigowa, dayod a kan koyil ɗin rile, ka raba wayar sensa da wayar injin kar su bi fayif ɗaya. Kuma ka sa fulot suwic na gargajiya, makunnin nan mai yawo a saman ruwan tanki, a layin kontakta, wanda ko Arduino ya mutu gaba ɗaya tanki na cika zai yanke. Ruwan mutane ne da kayan mutane a ƙasa, bana yarda in bar wa kod shi kaɗai.

Sani_Agege:
Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, wayar sensa da ta injin tare na ɗaure su da salatif tun daga tanki har ƙasa. Gobe in sha Allah zan shiga Alaba in sayo fulot ɗin da kafasita. Injiniya, Uno ɗin abokina zai iya yin ISP ɗin?

Injiniya_Bala:
Zai yi. Ka loda masa ArduinoISP daga misalan cikin IDE, manhajar rubuta kod ta Arduino, ka sa kafasita 10 uF tsakanin RESET da GND na Uno ɗin kafin ka danna ƙonawa.