Takarda ko Bakin Dattawa: Wanne Zai Shiga Littafin Tarihin Gari?

Malam Isa: Assalamu alaikum. Ina da wata matsala da nake so a taya ni dubawa. Shekara huɗu ke nan ina tattara tarihin wani ƙauye. Ƙungiyar cigaban garin ce ta ɗora mini aikin, ita kuma za ta biya maɗaba'a. Da na zo babin kafuwar gari sai aiki ya cije, domin ruwaya uku na samu. Gidan sarauta sun ce kakansu maharbi shi ya fara sare dajin. Zuriyar liman sun ce nasu kakan ne ya haƙa rijiyar farko, maharbin daga baya ya zo. Wata tsohuwa kuma da ta haura tamanin ta ce su duka biyun sun tarar da maƙera zaune a gindin dutse. Ana cikin haka na samo rahoton wani jami'in mulkin mallaka a gidan adana takardun tarihi, shafi biyu da rabi a kan garin, kuma labarin maharbin kaɗai ya kawo. Shugabannin ƙungiya sun ce tunda ga takarda, magana ta ƙare: a buga wannan, a bar sauran. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Nura: Wa alaikumus salam. Malam, ni ina bayansu. Takarda ba ta mantuwa, kuma ba ta da ɗan da take so ya gaji sarauta. Baki kuwa inda iska ta kaɗa nan yake bi. Ga misali daga Gonja, a arewacin Ghana. Wajen shekarar 1900, da Turawan Ingila suka rubuta labarin Ndewura Jakpa, wanda ya kafa masarautar, an gaya musu 'ya'yansa bakwai ne, daidai da yankuna bakwai na ƙasar. Daga baya yankuna biyu suka shafe. Da aka sake ɗaukar labarin bayan kamar shekara sittin, sai aka ce Jakpa 'ya'ya biyar ya haifa, ba wanda ya ambaci sauran biyun. Masana biyu, Jack Goody da Ian Watt, su ne suka kawo wannan a rubutunsu na 1963. Ba don takardar farko ba, wa zai san an taɓa cewa bakwai?

Malama Hadiza: Nura, misalinka mai kyau ne, amma ka tsaya a rabin hanya. Bakwai ɗin nan daga ina Bature ya samo ta? Ai bai ga Jakpa ba, tsakaninsu ƙarnuka ne. Bakin mutane ya ji, ya rubuta. Idan biyar ta bi yawan yankunan zamaninta, me zai hana bakwai ma ta zama yawan yankunan nata zamanin? Abin da takardar ta tabbatar shi ne abin da aka faɗa a ranar da aka rubuta ta. Wannan ma babban abu ne, ban raina shi ba, amma ba shi ne abin da ya faru ba. Malam Isa, don Allah duba mana rahoton nan. Ya faɗi wanda ya ba shi labarin? Kuma me ya kai shi garin?

Malam Isa: Ya faɗa, Malama. A ƙarshen shafi na biyu ya ce daga bakin mai garin da dattawansa ya ji, ta hannun tafinta. Aikin da ya kai shi ƙidayar gidaje da kimanta haraji ne. Tarihin sakin layi uku ne kawai, sauran duk lissafin gonaki da dabbobi.

Malama Hadiza: To ka gani. Ruwayar gidan sarauta ce aka zuba a takarda. Ba shaidu biyu gare ka a kan maharbin ba, shaida ɗaya ce ta zo sau biyu. Yawan gonaki da dabbobi, nan kam ka riƙe rahoton da hannu biyu, don abin da ya je yi ke nan, ya ƙirga ya gani, ko da yake mai gudun haraji ma yakan ɓoye akuya. Haka tsofaffin takardun hukuma suke a ko'ina. Kundin Domesday na Ingila, na 1086, da masu binciken tarihin ƙauyukansu ke yawan komawa gare shi, sarki ne ya sa aka yi don ya san dukiyar ƙasa da abin da zai karɓa. Zai gaya maka garma nawa ke ƙauye da wanda ke riƙe da ƙasar. Ba zai gaya maka wanda ya fara kafa bukka ba.

Alhaji Garba: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Ban yi karatunku ba, amma na zauna a sulhu da yawa. Ku kuna maganar wace ce gaskiya, ni ina tunanin ranar da littafin zai fito. Zuriyar liman za su buɗe shafi su ce ga shi an rubuta mu muka riga ku. Gobe rigimar fadama ta taso, sai ka ga an ɗauki littafin an nufi kotu da shi. Na ga inda layi ɗaya a takarda ya raba gidajen da suka yi shekara ɗari suna auratayya. Mutanen nan kuɗinsu za su sa don su sami abin alfahari da za su bar wa jikoki. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Isa, ka bi abin da suka ce.

Malam Isa: Baba, wallahi wannan ne ya fi hana ni barci, ba gardamar ilimin ba. Amma bari in gaya maka abin da na gani. Akwai wani dattijo da na zauna da shi sau biyu. Zama na farko ya yi ta ba ni labari, yana ambaton unguwannin da suka zama kufai, yana nuna mini da sanda inda kowace take. Zama na biyu, da na zo da rakoda, sai ya ce in dakata. Ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar ƙasida da aka buga shekarun baya don wani taro, ta sha hannu har bangonta ya cire. Ya miƙa wa jikansa ya ce ya karanta mini, wai wannan ce daidai, tasa surutun tsufa ne. Abin da ke cikinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ya sani ba. Idan 'yar ƙasida mai shafi goma sha biyu ta sa dattijo ya raina abin da ya ji daga bakin kakansa, me littafi mai kauri zai yi? In na buga ruwaya ɗaya, nan da shekara talatin sauran biyun sun mutu, kuma da hannuna na binne su.

Malam Abubakar: Allah ya saka da alheri. Wannan gardama malamai magabata sun yi ta. Imam Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ya faɗa a gabatarwar littafinsa na tarihi cewa yana kawo labarai ne yadda suka iso masa, tare da waɗanda suka ruwaito su, kuma in mai karatu ya ga abin da hankali bai ɗauka ba, ya san daga mai ruwaya ya fito. Masu rubuta tarihin birane ma haka suka yi: Khaɗib al-Baghdadi a kan Bagadaza, Ibn Asakir a kan Dimashƙa, duk da isnadi suke tafiya. Saboda haka Malam Isa, kada ka rubuta "an ce". Ka rubuta wane ya gaya mini, ran kaza, a wuri kaza, shi kuma daga wane ya ji, kuma ga dangantakarsa da gidan da labarin ya shafa.

Nura: Allah ya gafarta Malam, to ai in haka ne marubuci ya zama ɗan aike kawai. Kowa ya faɗi tasa a zuba, mai karatu ya rasa ta kamawa. Yaron makaranta da ke son sanin wa ya kafa garinsu, me za a ce masa? Kuma a gaban Malam nake faɗa, Ibn Khaldun ya soki masu kwaso labari ba tacewa. A Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya ƙi yarda da cewa rundunar Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa ta kai mutum 600,000, ya auna adadin da faɗin ƙasar da kuma 'yan kakannin da ke tsakaninsu da Annabi Yaƙub. Ke nan akwai aikin auna magana.

Malam Abubakar: Ka yi gaskiya, ban kuma ce a bar tacewa ba. Amma kafin ya soki adadin, sai da ya kawo shi.

Malama Hadiza: A nan ina tare da kai, Nura. Dole marubuci ya ce ga wadda na fi rinjayarwa, ga dalilina. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi hukunci a ɓoye, a share sauran kamar ba a taɓa jin su ba. Kuma tsufan takarda ba ya mayar da ita wahayi. Dubi Tarihin Kano da H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908. Rubutun asali tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa. Shekarar 999 da ake haddacewa a matsayin hawan Bagauda, lissafi ne aka yi da baya-baya daga waɗannan adadin. In tsawon mulkin sarki ɗaya ya kuskure, duk shekarun sarakunan da suka gabace shi sun goce. Duk da haka ba wanda zai ce a yar da littafin.

Wani abu kuma, akwai shaida ta uku da ba baki ba, ba takarda ba, wato ƙasar kanta. A Jenne-jeno ta Mali, haƙar da Roderick da Susan McIntosh suka fara a 1977 ta nuna mutane na zaune a wurin tun wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa, tun kafin duk wani rubutu ya ambaci yankin. Malam Isa, ka je gindin dutsen da tsohuwar ta ce?

Malam Isa: Na je da jikanta. Akwai tudu uku na kashin maƙera, baƙi ƙirin, da fasassun tukwane ko'ina, har manoma na kwashe su gefe in za su yi huɗa. Ba wanda ya san wanda ya bar su.

Malama Hadiza: Kada ka tona, kada ka kwashe. Ka ɗauki hoto, ka zana taswirar wurin, ka kai wa sashen nazarin kufai na jami'a mafi kusa. In suka sami gawayi a cikin tudun, ana iya gwada shekarunsa. Ba zai ba ka sunan kowa ba, amma zai nuna ko an yi ƙira a wurin kafin zamanin da ake ba maharbin. Ruwayar da ƙungiya ta fi rainawa ita ce mai abin da za a taɓa da hannu.

Nura: Wannan na karɓa. Amma ina nan a kan bakana a abu ɗaya: duk inda rahoton ya ba da shekara ko adadi na abin da jami'in ya gani da idonsa, shi za a bi, ko dattawa goma sun saɓa.

Alhaji Garba: Ni har yanzu tsoron bai bar ni ba. In dai sai an kawo ukun, to ga sharaɗina. Kafin a kai maɗaba'a, a tara gidajen uku wuri ɗaya, a karanta musu babin da babbar murya, kowa ya ji tasa yadda ya faɗe ta, ba a rage ba, ba a ƙara ba. Kada wani ya fara jin labarin a bakin 'yan gulma. Kuma Isa, kalmar "baƙi" ko "'yan ci-rani" kada ta fito daga alƙalaminka a kan kowane gida.

Malam Isa: Na ɗauka, Baba, kuma zan roƙe ka ka zauna a taron, don za su fi jin maganarka. Saura abu ɗaya. Tsohuwar ta ce kada in sa sunanta, tana tsoron abin da za a ce wa 'ya'yanta. Malam Abubakar kuma ya ce a ambaci mai ruwaya.

Malama Hadiza: Ka cika mata alkawari. A littafi ka rubuta shekarunta da ranar hirar, ka ce ta nemi a sakaya sunanta. Sunan ka ajiye shi tare da muryar da ka ɗauka, ka yi kwafi biyu, ɗaya a hannunka, ɗaya a ɗakin karatu ko gidan adana takardu, da rubutaccen sharaɗin lokacin da za a iya buɗewa. Ka koma wurinta a makon nan ka karanta mata abin da ka rubuta, ka kuma tambaye ta ina maƙeran suka nufa da suka tashi.