Tukunyar Badari Mai Baƙin Baki

Malamin Tarihi:
Salamu alaikum. Jiya na ga hoton wata tukunya ta Badari, kusa da Asyut a Masar, ginin wajen shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa. Ta tsaya min a rai, ga nawa:

Tun Masar ba ta san Fir'auna ba,
Tun ba a aza dutsen dala ba,
Hannu ya murza yumɓun Nilu,
Bai jira na'urar juyi ba.
Jikinta ja, bakinta kamar gawayi,
Wa zai warware? Kar a ce shuni, ban yarda ba.

Jikar Maginiya:
Malam, ka yi daidai, ba rini ba ne,
Aikin wuta da hayaƙi ne.
A shafa jar ƙasa, a goge da tsakuwa,
Sheƙin da ka gani na guga ne.
A kife bakin cikin toka da ƙaiƙayi,
Inda iska ta kasa shiga, baƙi ne.
Na ga Iya tana goge tulu haka,
Yatsun nata duk kanta ne.

Ɗalibinku:
Baba Malam, Yaya, a ba ni wuri.

Mu bi Nilu kudu, mu je Naƙada,
An zana dorina, an zana kada,
Farin zane a kan jan kasko,
Tun kafin sarki ya kafa fada.
Can baya sai launi ya juya,
Ja kan fari, jirgi ya ɗau hanya,
Filafilai jere kamar haƙoran mataji,
Mace ta ɗaga hannu sama, ta tsaya.

Malamin Tarihi:
Madalla yaro! A Naƙadan nan Flinders Petrie, Bature mai binciken kayan tarihi, ya yi tono a 1895, a 1899 kuma ya jera kaburbura bisa fasalin tukwanensu.

Babu rubutu, babu kwanan wata,
Tulu ya faɗi shekarunsa da na 'yan uwa.
Mariƙinsa mai lanƙwasa ya yi ta ƙanƙancewa,
Har ya koma zane, ya kusa ɓacewa.

Jikar Maginiya:
Ni wanda ke ba ni tausayi magini ne na Nekhen, wani tsohon gari a kudancin Masar, wajen shekara 3500 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ya kafa matoya dab da ɗakinsa,
Wutar gashi ta lashe gidansa.
Ita ta ƙone, ita ta adana,
Har aka tono tokar da tukwanensa.