Bangon da ya rufto wa Buster Keaton: waɗanda suka kalla su faɗa mana

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani guntun bidiyo baƙi da fari da ke yawo a wayoyi: mutum yana tsaye a gaban gida ya ba shi baya, sai fuskar gidan gaba ɗaya ta rufto masa, amma tagar sama ta zo daidai inda yake tsaye, ya tsira ba ko ƙwarzane. Da yawa suna turawa ba su san asalinsa ba. Daga fim ɗin Steamboat Bill, Jr. ne na 1928, fim ɗin barkwanci marar magana da aka yi a Amurka, mutumin kuwa Buster Keaton. Ba dabarar kyamara ba ce, bangon gaske ne mai nauyin kusan tan 2, kuma shi da kansa ya tsaya. Ina roƙon duk wanda ya kalli fim ɗin, ko wurin nan kaɗai, ya faɗa mana yadda ya ji da abin da ya lura da shi.

Kafintan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ni a shago na gani, wani yarona ne ya miƙo min waya. Yaran suna ta dariya, ni kuwa gabana ne ya faɗi, don na san abin da katako yake yi idan ya taho.

Abin da na fara tambaya shi ne me ya sa ba su yi bangon da abu marar nauyi ba. Da na zauna na yi tunani sai na ga ai nauyin ne ya cece shi. Bango mai faɗi haka, idan sakayau ne, iska za ta kama shi a hanya, ya murɗe ko ya karkata, tagar ta sauka wani wuri dabam. Kuma fa a cikin guguwa ake ɗaukar wurin. Sai mai nauyi, wanda aka ɗaure da kyau, aka kafe gindinsa da hinji, shi ne zai sauka inda aka auna masa. Daga nan sauran aikin lissafi ne: tsawon da ke tsakanin gindin bango da taga, shi ne tazarar da mutum zai tsaya daga gindin. Sun sa alama a ƙasa inda zai aza ƙafa, kuma abin da ya rage tsakanin kafaɗarsa da katakon tagar 'yan inci kaɗan ne.

Shi ya sa ni na fi jinjina wa wanda ya gina. Sunansa Fred Gabourie, shi ne mai kula da gine-gine da na'urorin finafinan Keaton. Mutum ya ba ka ransa ya ce na yarda da awonka, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a wuyan mai sana'a. Da ni ne, a daren da za a wayi gari a saki bangon nan ba zan runtsa ba.

Uwar Biyu:
Baba Kafinta, Allah ya saka da alheri, yanzu na gane. Mu gaba ɗayan fim ɗin muka kalla da yara a talabijin ranar wata Asabar, maigida ne ya jona daga waya. Na ɗauka za su gaji tunda babu magana. Ina! Ƙaramar da ba ta fara karatu ba ma ta fi kowa bin labarin. Yaro ne ya dawo daga makaranta a Boston wurin mahaifinsa mai tsohon jirgin ruwa, uban yana jiran ƙaton saurayi irinsa, sai ga ɗan firit da 'yar hula da ɗan gashin baki. Inda uban ya kai shi kanti yana ta gwada masa huluna, nan ne suka fi dariya, har aka mayar baya.

Da aka zo kan bangon ba wanda ya yi dariya nan take. Shiru ɗakin ya yi, sai da ya waiga ya dubi abin da ya faɗo sannan ya ruga, a nan dariyar ta ɓarke. Washegari na tarar da su a tsakar gida sun jingina katifa da bango wai za su saki a kan ƙaninsu. Na hana, na zaunar da su na yi musu bayani. Masu yara ku sa ido bayan kallo.

Mai Bidiyon Biki:
Ni sana'ata ɗaukar bidiyo da editin, don haka da na gani sai da na sauke shi a kwamfuta na bi shi hoto bayan hoto ina neman inda aka yanka. Babu. Kyamara tana nesa, a tsaye wuri ɗaya, kana ganin mutumin daga kai har ƙafa, kana ganin gidan daga ƙasa har sama, kuma daga lokacin da bangon ya fara tahowa har ya daki ƙasa ƙura ta tashi, ɗauka ɗaya ce. Wannan shi ne sirrin. A yau idan za mu yi irin wannan, za mu nuna fuska kusa, mu yanka zuwa bango, mu yanka zuwa ƙura, mu sa ƙara mai firgitarwa, mai kallo kuma ya san an yi masa wayo ko bai iya faɗin ta ina ba. Keaton ya bar ka ka gani da idonka, shi ya sa cikinka ke ɗurar ruwa.

Na kuma lura hannunsa na hagu ya ɗan motsa daidai lokacin da tagar ta wuce shi. Ku duba da kanku a hankali.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma ba bangon ba ne, inda yake tafiya cikin iska ne, jikinsa ya karkata gaba kamar zai kwanta, yana tsalle iska na mayar da shi. Injinan jirgin sama suka kafa da farfela suna hura masa. Bishiyar da ya rungume ta tashi da shi sama kuwa, injin ɗaga kaya ne ya ɗauke ta da shi a jiki. Unguwa guda suka gina a bakin kogi don kawai a rusa ta a gaban kyamara. Da farko ma ambaliya aka shirya za a yi a ƙarshen fim ɗin, sai aka sauya zuwa guguwa, saboda a 1927 kogin Misisipi ya yi mummunar ambaliya da ta raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, ba a ga dacewar a yi abin dariya da ita ba.

Hajiya Malama:
Ni kam ku yi haƙuri, ban ji daɗinsa ba. Na kalla a ɗakin malamai, abokan aiki na ta yabo, ni kuwa abin da nake gani mutum ne mai iyali ya tsaya a ƙarƙashin abin da zai iya niƙe shi don a yi dariyar daƙiƙa biyar. Rai amana ne. Da ƙusa ɗaya ta zame fa? A ce masa jarumi, 'ya'yansa su zama marayu. Na yarda akwai gwaninta, amma ganganci ne, kuma ba na son mu riƙa yabon ganganci a gaban matasa.

Kafintan Sabon Gari:
Hajiya, maganarki tana kan hanya, ban musa ba. Sai dai a wurina mai ganganci shi ne wanda bai auna ba. Wannan an auna, kuma ba ranar ya fara ba. Ya yi irin wasan da ƙaramin bango marar nauyi a wani gajeren fim ɗinsa, One Week, tun 1920. Shekara 8 ke nan tsakani. Amma na yarda da ke a kan abu guda: awo ba ya hana ƙaddara, kuma shi ma ya sani.

Ɗan Zazzau:
Hajiya, akwai abin da zai ƙarfafa maganarki. A fim ɗinsa na 1924, Sherlock Jr., akwai inda yake gudu a kan taragon jirgin ƙasa ya kama bututun tankin ruwa, ruwan ya kwararo da ƙarfi ya maka shi a kan layin dogo. Ya tashi ya ci gaba da wasa, wurin yana nan a cikin fim ɗin. Ya yi ta fama da ciwon kai, sai bayan shekaru likita ya ɗauki hoton wuyansa ya ce masa ai ya taɓa karyewa. To kin ga ba kullum yake fita lafiya ba.

Sai dai a san daga inda ya fito. An haife shi a 1895 a jihar Kansas, iyayensa 'yan wasan dandali ne masu yawo gari gari. Tun yana ƙaramin yaro yake hawa dandali tare da su, wasan kuwa shi ne uban ya ɗauke shi ya yi jifa da shi, har an ɗinka masa hannun akwati a jikin riga don a ji daɗin ɗagawa. A nan ya koyi yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba, a nan kuma ya gane idan bai yi murmushi ba 'yan kallo sun fi dariya. Wannan ɓangaren tarihinsa ni tausayi yake ba ni fiye da burgewa.

Baƙon Kalifoniya:
Gaisuwa ga manya. Ina karatu a nan Kalifoniya, kuma a Sakaramento aka ɗauki fim ɗin, a bakin kogin garin, duk da cewa labarin yana nuna kamar a yankin Misisipi ne. Na je tsohuwar unguwar bakin kogin, akwai wani tsohon jirgin ruwa mai tururi na zamanin, Delta King, da aka ɗaure aka mayar otal. Da ka gan shi za ka gane irin jiragen da ake gasa da su a fim ɗin.

Na kalli fim ɗin a wani zaure da mai kiɗan fiyano yana bi a gaban allo, yadda ake yi a da. Ya bambanta da kallon waya ƙwarai. A babban allo bangon yana cika ido, kuma da ya taho sai na ji zauren gaba ɗaya ya ja numfashi lokaci guda, har da tsofaffin da na tabbata sun sha gani. Abin da Yaya Uwar Biyu ta faɗa game da ɗakinta, shi ne ya faru a nan: tsoro tukuna, dariya daga baya.

Ɗan Maraɗi:
Ni ta hanyar Jackie Chan na san shi. Mun taso muna kallon finafinansa a gidan kallo, kuma a Project A kashi na biyu, na 1987, akwai inda wani ƙaton bango ya faɗo masa ya fita ta wata kafa. Mun ɗauka shi ya ƙirƙira. Sai da wani yayana ya nuna min na Keaton na ga ashe gaisuwa ce yake miƙa wa na gaba da shi. A kashi na farko ma, na 1983, inda ya rataya a jikin agogon hasumiya, daga wani ɗan wasan barkwanci na zamanin Keaton, Harold Lloyd, ya ɗauko, fim ɗin Safety Last! na 1923.

Na Lloyd ɗin na kalla shi ma, kuma akwai bambanci. Shi an gina masa fuskar bene ne a kan rufin dogayen gidaje a Los Angeles, aka saita kyamara ta yadda titi zai bayyana can ƙasa, alhali akwai dandamali a ƙarƙashinsa. Hotunan nesa kuma wani gwanin hawa bene ne, Bill Strother, ya hau. Ban raina masa ba, don mutumin ya rasa babban yatsa da manuni na hannun dama tun 1919, lokacin da wani bam da aka ɗauka na wasa ne ya fashe a hannunsa, da safar hannu ta musamman yake riƙe agogon. Amma na Keaton babu dandamali, babu wanda zai tsaya masa.

Hajiya Malama:
Na karanta duka. Ra'ayina bai sauya ba game da bangon, amma ɗana na Zazzau, labarin yarintarsa ya taɓa ni. Zan kalli fim ɗin daga farko, tunda Uwar Biyu ta ce akwai labarin uba da ɗa a ciki, ni guntun kawai na gani.

Mai Bidiyon Biki:
Hajiya, za ki ji daɗin wurin da ya kai wa uban burodi a gidan yari da kayan aikin fasa ƙofa a ciki, uban yana fushi ya ƙi karɓa. Babu kasada ko kaɗan a wurin, fuska ce da hannu kawai, kuma yana cikin wuraren da na fi so.

Ɗan Zazzau:
Na gode muku duka. Ƙarin bayani ga masu tambaya ta akwatin saƙo: fim ɗin bai dawo da kuɗinsa ba a lokacin, kuma shi ne na ƙarshe da Keaton ya yi a kamfaninsa mai zaman kansa ƙarƙashin furodusa Joseph Schenck. A 1928 ɗin ya koma kamfanin MGM, inda sannu a hankali aka karɓe ragamar aikin daga hannunsa, aka kuma hana shi yawancin irin wannan kasada, ga finafinai masu magana sun shigo tun 1927. Daga baya shi da kansa ya ɗauki komawar a matsayin babban kuskuren rayuwarsa. Ya rasu a 1966.

Fim ɗin yana nan cikakke a YouTube, tsawonsa kusan minti 70, guguwar tana can wajen ƙarshe. Ku nemi kwafin da hotonsa ya fito fes kuma aka sa masa kiɗa, don akwai waɗanda suka dushe har ba a gane fuska. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki The General na 1926, wanda aka jefa kan jirgin ƙasa na gaske daga gada zuwa cikin kogi a jihar Oregon. Baba Kafinta, muna jiran bayaninka a kan gadar.