Me za mu kira "pound for pound" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "kau-da-sikeli"

Masu bibiyar damben boksin, ku matso mu raba wata gardama. Duk inda aka tayar da zancen waye gwanin gwanaye a tarihin dambe, ba a daɗewa sai wani ya jefo "pound for pound", masu gaggawa ma P4P kawai suke rubutawa. Kambu muna da shi, aji muna da shi, turmi da alkalin wasa duk da Hausa muke faɗa, amma ita wannan har yau da Turancinta muke haɗiye ta. Na tattara shawarwarin da kuka bayar, ga yadda na auna su.

Mu fara fahimtar abin da ake nufi tukuna. Dambe aji-aji ake yin sa, kuma sikeli ne mai rabawa. A yau aji 17 ne sanannu, daga na laba 105 har zuwa ajin masu nauyi wanda ba shi da iyaka ta sama. Naoya Inoue na Japan ya haɗa duka kambu huɗu na manyan hukumomin dambe a ajin laba 122, wato kilo 55 da 'yan kai. Tyson Fury kuwa da laba 262 ya hau sikeli a watan Mayun 2024, kusan kilo 119. In aka rufe su biyu a cikin igiya, babu mai hankalin da zai tambayi wa zai yi nasara. Tambayar masu wannan lissafi daban take: da za a mayar da su jiki ɗaya, tsawo ɗaya, nauyi ɗaya, a bar kowa da zafin hannunsa da ƙafarsa da basirarsa da juriyarsa, wa ya fi wani iya dambe?

Sunan Sugar Ray Robinson ne ya yaɗa maganar. A zamaninsa Joe Louis ne ke riƙe da kambun masu nauyi, daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. Kowa ya san Louis zai doke Robinson in sun haɗu, don ya girme shi a jiki nesa ba kusa ba. Amma marubuta wasanni a Amurka suna kallon Robinson suna ganin abin da ba su taɓa gani ba, sai suka nemi hanyar da za su ce shi ne ya fi kowa ba tare da sun yi ƙarya ba. Mutumin da daga 1943 zuwa 1951 ya yi faɗa 91 a jere ba a doke shi ba, sai da Randolph Turpin ya tare shi a Landan, shi ma wata biyu kawai aka yi Robinson ya sake karɓe kambunsa. Kayen da ya sha kafin nan guda ɗaya ne, a hannun Jake LaMotta, wanda ya fi shi da laba 16 a ranar. Sau shida suka kara, Robinson ya ci biyar.

To ga shawarwari. Na farko da aka fi turowa shi ne "fam da fam". Wannan ba sai mun ɓata lokaci ba: fam a kunnen Bahaushe kuɗi ne, wanda ya ji zai ɗauka ana maganar wa ya fi wani samu, kuma in haka ne ai Floyd Mayweather ya gama da kowa tun tuni. Wani dattijo ya gyara ya ce ma'aunin nauyin laba ake ce masa, don haka "laba da laba". Ranka ya daɗe, Baba, kalmar daidai ce, da ita ma nake amfani a nan, amma haɗin bai ce komai ba. Ka faɗa wa wanda bai san Turancin ba, ka ga ko zai gane cewa gwaninta ake aunawa. Haka "kilo da kilo". Fassara ce ta bin sawu, an ɗauko fatar an bar naman.

Sai masu cewa "gwanin gwanaye" ko "zakaran zakaru". Suna da daɗin faɗa, kuma Hausa ce tsantsa. Matsalarsu ita ce sun manta da nauyi gaba ɗaya, alhali shi ne dalilin da ya sa aka ƙirƙiro maganar. Ka ce wa mutum Inoue ne zakaran zakaru, nan take zai ce maka to a haɗa shi da Oleksandr Usyk na ajin masu nauyi mu gani, kun ga an koma gidan jiya. Kalmar da muke nema dole ta toshe wannan ƙofar tun kafin a buɗe ta.

Wata 'yar'uwa ta kawo "gwargwadon nauyi", kuma gaskiya ta kusa. Malama, taki ce ta fi ba ni wahalar turewa, don asalin Turancin ma abin da yake cewa ke nan: a raba gwanintar mutum da nauyinsa a ga nawa kowace laba ta ɗauka. A cikin jimla tana zama daram. "Inoue, gwargwadon nauyinsa, babu mai ƙarfin naushinsa." Ba abin da za a ƙara. Inda take tuntuɓe shi ne wajen zama suna. "Jerin gwargwadon nauyi" sai ya yi kama da jerin da aka tsara daga ƙarami zuwa babba. Kuma gwargwado yana da wani ɗanɗano na rangwame, irin na "ya yi ƙoƙari daidai gwargwado", kamar ana lallashin ƙaramin ɗan dambe ne. Robinson ba lallashi yake nema ba. Don haka a bar ta a matsayinta na cikin jimla, a nemo wa jerin nasa sunan.

Shi ya sa na ce kau-da-sikeli. Ginin ba baƙo ba ne a harshenmu, irin na kau-da-bara ne da faɗi-tashi da ka-ce-na-ce, aiki da abin da aka yi wa aikin su haɗu su zama suna. Kuma tana faɗin ainihin abin da mai lissafin ke yi: ya ɗauke sikelin da ya raba mutane aji-aji ya ajiye gefe, sannan ya jera su sahu ɗaya. Gwada ta ku ji. "Mujallar The Ring ta fitar da sabon jerin kau-da-sikeli." "A kau-da-sikeli, wa kake sawa gaba tsakanin Usyk da Inoue?" Wanda bai taɓa jin Turancin ba ma zai kama bakin zaren.

Wani malami ya yi min ƙorafi mai nauyi, kuma ya cancanci amsa. Ya ce ai ba a kau da sikelin da gaske, tunda waɗanda ake ɗagawa sama a jerin galibi su ne waɗanda suka haura aji suka doke manya. Allah ya gafarta Malam, haka ne. Henry Armstrong ya riƙe kambu uku lokaci guda a 1938, na laba 126 da 135 da 147, a zamanin da aji takwas ne kacal a duniya. Manny Pacquiao na Filifin ya fara ɗaukar kambun duniya a laba 112 a 1998, ya yi ta hawa har ya ci a aji takwas. Roy Jones Jr. ya taso daga laba 160 ya je ya karɓe kambun masu nauyi na hukumar dambe ta WBA a hannun John Ruiz a 2003, Ruiz ya fi shi da laba 33. Terence Crawford ya tsallake har laba 168 a Satumban 2025 ya doke Canelo Alvarez. Duk waɗannan da sikeli aka gane girman abin da suka yi. Sai dai ni a ganina haura aji shaida ce ake kawowa gaban mai hukunci, ba ita ce hukuncin ba. Tunda ba mai iya mayar da mutane jiki ɗaya, abin da ya fi kusa da hakan shi ne a ga ƙarami ya shiga gonar babba ya fito lafiya. Amma Marvin Hagler bai taɓa barin laba 160 ba, ya riƙe kambun daga 1980 zuwa 1987, kuma ba wanda ya isa ya cire shi daga wannan zance.

Akwai dare ɗaya da ke nuna bambancin ƙarara. Ranar 25 ga Yunin 1952, a filin Yankee da ke New York, Robinson ya haura ya nemi kambun laba 175 a hannun Joey Maxim. Maxim ya fi shi da wajen laba 15. Zafi a cikin igiya ya kai kusan digiri 40, har alkalin wasa Ruby Goldstein ya kasa ci gaba bayan turmi na 10 aka kawo wani. Robinson yana ta zagaya Maxim yana zuba masa, kuma yana gaba a takardun masu ba da maki duka. Amma shi mai yawan motsi shi zafin ya fi ci. A turmi na 13 ya kai naushi ya sami iska ya faɗi da kansa, da aka kaɗa ƙararrawar na 14 bai iya tashi daga kujera ba. A faɗa wajen 200 da ya yi, wannan ne kaɗai ya sha kaye tun faɗan bai kai ƙarshe ba. Littafin tarihi ya rubuta Maxim ya ci, kuma ba ƙarya. Amma ko masoyin Maxim ba zai ce ya fi Robinson iya dambe ba. Wannan tazara da ke tsakanin wanda ya ci da wanda ya fi, ita ce kalmar tamu take son ta kama.

Abu ɗaya da zan roƙa: kada a haɗa ta da GOAT, wato taƙaicen "greatest of all time". Wannan "gwarzon kowane zamani" ya ishe ta, kuma ma'auninta ya fi faɗi. A nan ne ake shigo da su wa mutum ya doke, da abin da ya bari a bayansa, da yadda sunansa ya wuce dambe. Muhammad Ali ya ci 56 ya faɗi 5, lissafin da bai kai na Rocky Marciano mai 49 ba kaye ko na Mayweather mai 50 tsabta ba. Amma ya doke Sonny Liston tun farko, sannan ya doke Joe Frazier da Ken Norton, ya kwantar da George Foreman a turmi na 8 a Kinshasa a 1974, bayan an raba shi da dambe sama da shekara uku saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam. In aka ce gwarzo, ni Ali zan ce ba tare da jinkiri ba. In aka ce kau-da-sikeli, Robinson, kuma Ali da bakinsa Robinson yake sawa gaba a wannan fanni. Rabin cacar bakin da muke yi, ɗaya yana amsa tambayar farko ne ɗaya yana amsa ta biyu. Akwai ma tambaya ta uku, ta zamani da zamani: Marciano da laba 185 ɗinsa yau ko ajin masu nauyi ba zai shiga ba. Sikeli kawai kalmarmu ta kawar, ba ta kawar da shekaru ba.

Wajen rubutu, a sa mata karan ɗori biyu don a san suna ce guda. Kada a ce "ɗan kau-da-sikeli", don ba aji ba ne da ake shiga, kuma ba kambu ake bayarwa a kai ba, ra'ayin masu jerawa ne kawai. A ce "yana cikin goman farko a kau-da-sikeli" ko "shi ne na ɗaya a kau-da-sikeli". Masu son "ajiye-sikeli" ban ƙi taku ba, ma'ana ɗaya ce, tawa dai ta fi saurin fita a baki. Masu sharhin wasanni a rediyo, ku gwada ta a faɗa na gaba mu ji ko za ta zauna.