Hotunan da nake ɗora wa alamomin taswira sun ƙi fitowa, a taimaka min

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu rubuta manhaja. Na zo da ƙoƙon bara, don yau kwana huɗu ke nan wannan abu ya hana ni barci.

Ina gina manhajar Android da harshen shirye-shirye na Kotlin, a kan taswirar Google. Mutum zai ɗauki hoton wuri da wayarsa ya tura, sai wurin ya bayyana a taswira. Ba na son jar alamar nan da kowa ya saba gani. So nake kowace alama ta zama ɗan zagayayyen hoton wurin, in an taɓa ta kuma ƙaramar taga ta buɗe da hoton da sunan wurin. Hotunan suna kan sabar, adireshinsu kawai nake samu, ina sauke su da Picasso, wani laburare, wato shiryayyen kayan aikin manhaja, mai sauke hotuna daga intanet. Girman kowanne 1920 a 1080, nauyinsa bai wuce kilobayit 400 ba.

Da wurare 10 nake gwaji, komai sumul. Yanzu sun kai 300, sai ga matsala uku. In na buɗe manhajar wasu alamomin ba sa fitowa sam. In na ja taswirar da yatsa sai ta riƙa cijewa, a tsohuwar wayata mai Android 7 da RAM giga 2 kuwa mutuwa take yi gaba ɗaya, ta bar min OutOfMemoryError, saƙon da ke nuna ma'ajiyar aiki ta cika. Wadda ta fi ƙona min rai ita ce ta ukun: in na taɓa alama taga tana buɗewa, suna ya fito, amma gurbin hoto fari fat. In na rufe na sake taɓawa sai ga hoton. Na duba rahoton aiki, hoton ya sauka tun karon farko! To ina yake shiga?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da ta ukun, domin in ka gane ta ka gane sauran.

Tagar nan da kake gani ba rayayya ba ce. Lokacin da ka haɗa ta a cikin getInfoContents, wato wurin da ake tsara abin da ke cikin tagar, ka miƙa wa taswira, taswirar ba ta ɗora ta a allo kamar sauran abubuwan da ka saba tsarawa. Ɗaukar ta hoto take yi nan take, ta manna hoton a saman alamar, ta manta da ainihin abin. Google da kansu sun rubuta wannan a bayanin tagar. Shi ya sa ko maɓalli ka sa a ciki ba zai amsa taɓawa shi kaɗai ba, tagar gaba ɗaya ce ke amsawa.

To dubi abin da ke faruwa a wajenka. Ka taɓa alama. Ka ce wa Picasso ya ɗauko hoto, shi kuma ya tafi intanet. Kafin ya dawo, taswira ta riga ta ɗauki hoton tagar da gurbinta babu komai. Bayan rabin daƙiƙa hoton ya iso, ya shiga gurbinsa lafiya lau, amma cikin tagar da babu mai kallonta. A karo na biyu hoton na cikin ma'ajiyar Picasso, ya shiga tun kafin a ɗauka, sai ka gan shi.

Magani: idan hoton ya iso, ka duba ko tagar wannan alamar na buɗe har yanzu da isInfoWindowShown, in tana buɗe ka sake kiran showInfoWindow. Wannan zai sa a sake ɗaukar ta.

Haka ita ma alamar take. Duk abin da ka ba BitmapDescriptorFactory, mai haɗa hoton alama, busasshen hoto ne, ba ya sauyawa sai ka kira setIcon da hannunka.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri Yaya, wallahi sai yanzu na gane. Na gwada, hoton ya fito. Amma tagar ta koma ƙyaftawa ba tsayawa, wayar har ɗumi take yi.

Amsa ta farko, karo na biyu:

Laifina ne, ban faɗa maka ba. Kiran showInfoWindow yana sake tayar da getInfoContents, shi kuma ya sake neman hoto, hoton ya iso, ka sake kiran showInfoWindow, haka za ku yi ta zagaye. Ka ajiye shaida ga kowace alama cewa hotonta ya riga ya sauka, ko a cikin tag ɗinta ko a wani jeri na daban. In shaidar na nan, ka sa hoton kawai, kada ka sake kiran komai.

Amsa ta biyu, daga wata 'yar'uwa:

Ni kuma mutuwar manhajar zan taɓa, don lissafi ne zalla, kuma na taɓa shan wahalarsa.

Malam, kilobayit 400 da ka ambata nauyin hoton ne yana ƙunshe a matse. Da zarar waya ta buɗe shi don zanawa, kowane ɗigon hoto yana cin bayit 4 a tsarin ARGB_8888, wanda shi Android ke bi in ba ka ce komai ba. Buga 1920 sau 1080 sau 4, za ka samu bayit 8,294,400. Megabayit 8 ke nan a hoto guda. Sau 300 kuwa ya haura giga 2, wato ya fi duk RAM ɗin wayar taka, alhali manhaja ɗaya ɗan yanki kawai ake yanka mata. Kuma daga Android 3.0 zuwa 7.1 ɗigogin hoto a cikin wannan ɗan yankin suke zama, sai a Android 8.0 aka fitar da su. Shi ya sa tsohuwar wayar ta fara faɗuwa. Kada ka raina ta, ita ce ke gaya maka gaskiya.

Yanzu dubi abin da alama ke buƙata. A ce faɗinta 48dp, dp ɗin ma'aunin girma ne a allon Android. A wayar da allonta ke ninka uku, ɗigo 144 ke nan kowane gefe. 144 sau 144 sau 4 ya ba da bayit 82,944. Daidai kashi ɗaya cikin ɗari na wancan. Kana ɗauko kaya ɗari don ka yi amfani da ɗaya.

Kuma ina zargin kana buɗe babban hoton tukuna sannan ka rage shi, wataƙila ma kana riƙe da babban a wani wuri. Ka gaya wa laburaren girman da kake so tun wajen nema: resize a Picasso, override a Glide, wani laburaren hotuna irinsa. Mafi alheri ma, in kai ke da iko da sabar, ka sa ta yanka ƙaramin kwafi tun lokacin da aka tura hoton, alama ta nemi ƙaramin, shafin cikakken bayani ya nemi babban. Masu amfani da manhajarka da datarsu za su gode maka.

Mai tambaya:

Zarginki gaskiya ne Malama. Ina ajiye babban a cikin bayanan kowane wuri, wai don kada in sake saukewa in an buɗe shafinsa.

Amsa ta uku:

Cire shi, aikin laburaren ne wannan, ya fi ka iya ajiya. Sannan alamomin da ba sa fitowa: Picasso ba ya riƙe Target, wato abin da ka ba shi don ya karɓi hoton in ya iso, da ƙarfi. In ka ƙirƙire shi a cikin layin kiran ba ka ajiye shi ko'ina ba, mai sharar ma'ajiya, wanda ke share duk abin da ba a riƙe da shi, zai iya kwashe shi kafin hoto ya iso, sai hoton ya zo bai tarar da kowa ba. Ka zuba su a wani jeri har su gama aiki. Ko ka koma Glide da CustomTarget, yana da circleCrop ma, ya hutar da kai zagaye hoto da hannu. In laburaren hotuna na Coil ka zaɓa kuma za ka zana hoton da kanka a kan Canvas, wato farfajiyar zane, ka kashe allowHardware, in ba haka ba zai faɗi.

Amsa ta huɗu:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ni ina da ja a kan tushen aikin. Ɗan'uwa, wa zai kalli hotuna 300 a allon da bai wuce tafin hannu ba? Ko ka gyara ma'ajiya, abin da mutum zai gani tarin hotuna ne wani kan wani, ya taɓa wannan wancan ya buɗe.

Akwai laburaren android-maps-utils na Google, a cikinsa akwai ClusterManager. Shi ke tattara alamomin da ke kusa da juna su zama dunƙule ɗaya mai lamba, a ce 20+, in mutum ya matso da taswira sai dunƙulen ya watse. Da shi, a kowane lokaci alamomi kaɗan ne ke tsaye su kaɗai, su kaɗai za ka nema wa hoto. Ka gina naka mai zana alamomin a kan DefaultClusterRenderer, ka nemi hoton a cikin onClusterItemRendered, domin a nan ne alamar ta riga ta samu. Ka haɗa ClusterManager da setOnCameraIdleListener, wato sai taswira ta tsaya cak za a yi lissafi. Waya na da kusan milisakan 16 ta zana kowane firam in ana so a samu 60 a daƙiƙa, duk aikin da ka cusa yayin da yatsa ke ja daga nan yake ci. Cijewar da kake gani ke nan.

Ita kuma tagar, ni na daina amfani da ita ga duk abin da ke da hoto. In an taɓa alama ina ɗago kati daga ƙasan allo da BottomSheet. Rayayye ne, hoto na shiga da kansa, maɓalli na aiki, babu dabarar sake kira.

Amsa ta farko, karo na uku:

Batun dunƙulewa na yarda ɗari bisa ɗari. Na katin ƙasa kuwa ya danganta. In suna da ɗan hoto ne kawai, tagar tana da amfanin da katin ba shi da shi: tana manne da wurin, ido ba ya barin inda yake kallo. Amma ranar da ka so maɓalli a ciki, bi shawarar mai amsa ta huɗu ba gardama.

Abin da nake so ka riƙe, ƙanena, shi ne jerin aikin. Na lura kana jiran hoto ya iso kafin ka ƙirƙiri alama, shi ya sa rashin hoto ke zama rashin alama. Juya shi. Dasa alamar nan take da hoton riƙon ƙwarya, ɗan da'ira mai toka-toka, guda ɗaya da ka ƙirƙira sau ɗaya kowa ya yi tarayya a kai. Hoto ya iso, ka musanya da setIcon. Bai iso ba, wurin dai yana nan ana ganinsa, ko intanet ta yanke.

Wajen musanyar ka kula da abu biyu. Dole a kira setIcon a babban zaren aiki, wanda ke zana allo, in ba haka ba taswira za ta ƙi. Sannan tunda za ka sa dunƙulewa, alama na iya narkewa cikin dunƙule kafin hotonta ya dawo. In ka kira setIcon a kan alamar da aka riga aka cire, manhaja za ta faɗi da saƙon Unmanaged descriptor. Don haka kada ka riƙe tsohuwar alamar. In hoto ya iso ka tambayi getMarker ko wurin na da alama yanzu, in babu ka ƙyale.

Wani ɗan abu: alama tana tsayawa ne da tsakiyar gindinta, 0.5 da 1.0. Tunda taka zagayayya ce mara tsini, mai da anchor, wato wurin tsayawarta, 0.5 da 0.5, in ba haka ba za ta riƙa zama sama da ainihin wurin.

Amsa ta biyar:

Ga masu karantawa da ke aiki a iOS, can akwai iconView wanda ke karɓar rayayyen abu, amma tracksViewChanges, saitin da ke bin sauye-sauyensa, yana zuwa a kunne, taswira ta yi ta sake zana alamar. Hoto na shiga ku kashe shi. Haka yake a laburaren taswira na react-native-maps.

Mai tambaya:

Na dawo da labari. Na koma Glide, ina neman hoto a 144 kacal, na cire manyan da nake ajiyewa, na sa ClusterManager da da'irar riƙon ƙwarya. Na ɗauki tsohuwar wayar na yi ta jan taswira hagu da dama kusan minti goma, ina matsowa ina ja da baya, ba ta faɗi ba ko sau ɗaya. Na kashe data ina kallo, da'irori masu toka suka tsaya a wurarensu, na kunna sai hotuna suka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. Unmanaged descriptor ɗin ma ya same ni sau ɗaya kafin in sa getMarker, da ba a gargaɗe ni ba da na sake rasa wani barcin.

Tagar na bar ta yanzu da dabarar Yaya. Mako mai zuwa zan ƙara maɓallin nuna hanya, a lokacin zan koma katin ƙasa. Malama, yanka ƙaramin kwafi a sabar shi ne aikina na gobe. Allah ya ƙara muku ilimi, ya saka wa iyaye da alheri.